Yadda ake tsara rumbun bayanan magunguna da kayan asibiti a kwamfuta

Na taɓa tsayawa a siton wani asibiti da dare, malamar jinya na jiran oksitosin don wata mai jego da ke zubar da jini. Kwamfuta ta nuna akwai ampul, wato ƙaramar kwalbar allura, guda 400. Muka buɗe firiji, sai ga kwali ɗaya tak, shi ma wa'adinsa ya wuce da wata biyu. Da ƙyar aka samo a wani ɓangaren. Tun daga ranar, duk tsarin da zan gina abu ɗaya nake auna shi da shi: adadin da ke kan allon kwamfuta ya zama shi ne adadin da hannunka zai taɓa a kan kanta. Duk matakan da ke ƙasa wannan suke yi wa hidima.

Abubuwan da za ka tanada

Kwamfuta aƙalla biyu, ɗaya a babban sito, ɗaya a ɗakin ba da magani, kowace da batirin da zai riƙe ta idan wuta ta ɗauke. Firinta, don takardun karɓa da fitarwa da kuma lambobin liƙawa a kanta. Na'urar karanta bakod, kuma ka sayi wadda ke karanta mai kusurwa huɗu, wato mai ɗigo-ɗigo mai kama da QR, don ana samun ta a kan kwalayen magani da yawa na yanzu. Idan babu, kyamarar waya za ta yi aikin, sai dai ba sauri. Ma'aunin sanyi ga kowane firiji. Faifan ajiya na waje guda biyu.

Sannan tsofaffin takardu: littafin sito, katunan kanta, takardun oda da rasiɗan karɓar kaya na aƙalla wata shida, shekara guda ta fi. Kada ka yarda a ce maka ba su da amfani. Daga cikinsu za ka san abin da asibitin ke ci a zahiri.

Sai manhaja. Ƙaramin asibiti mai sito ɗaya da mai shigar da bayani ɗaya zai iya farawa da Excel ko LibreOffice Calc. Da zarar mutum biyu za su riƙa rubutu a lokaci guda, sai a koma rumbun bayanai na gaske, irin PostgreSQL ko MySQL. Akwai kuma waɗanda aka riga aka gina don wannan aikin: OpenBoxes, wadda aka fara bayan girgizar ƙasar Haiti ta 2010, da mSupply, da OpenLMIS wadda ta fi dacewa da jerin asibitoci masu ɗauka daga babban sito ɗaya. Shawarata, ka gwada waɗannan kafin ka ce za ka gina naka daga tushe. Amma ko wacce ka ɗauka, matakan tsarin iri ɗaya ne.

Ka kuma samu mutum uku da za su zauna da kai tun farko: mai kula da sito, mai harhaɗa magunguna, da malamar jinya guda daga ɗakin kwanciya.

Mataki na 1: Bi magani da ƙafarka

Kafin ka buɗe kwamfuta, ɗauki takarda da biro ka bi kwali ɗaya tun daga motar da ta sauke shi har bakin majinyaci. Wa ya karɓa? Wa ya ƙirga? Ina aka ajiye? Wa ke da ikon cewa a fitar? A duk inda magani ya sauya hannu, rubuta wurin. Za ka tarar da wuraren da babu su a kowace takarda: durowar ɗakin tiyata, akwatin gaggawa, jakar motar ɗaukar marasa lafiya, firijin ɗakin haihuwa. Kowane ɗayansu ƙaramin sito ne, kuma dole ya sami suna a tsarinka. Wurin da ka manta, nan kaya za su riƙa ɓacewa.

A nan ne kuma za ka yanke inda lissafinka zai tsaya. Ga mai farawa, ya isa ka bi kaya har zuwa lokacin da suka shiga ɗakin kwanciya ko aka miƙa wa majinyaci a taga. Bin kowace ƙwaya har gadon mara lafiya aiki ne na gaba, sai dai ga magungunan da doka ta tsananta a kansu.

Mataki na 2: Gina jerin kaya

Wannan shi ne matakin da ya fi cin lokaci, kuma shi mutane suka fi yi wa gaggawa. Kowane kaya layi ɗaya, lamba ɗaya da ba za ta taɓa sauyawa ba, ba kuma za a sake ba wani kayan ita ba ko da an daina sayensa.

Yi amfani da sunan asali na magani, wato sunan bai-ɗaya da Hukumar Lafiya ta Duniya ke bayarwa, ba sunan kamfani ba. Idan ka bar kowa ya rubuta yadda ya ga dama, za ka wayi gari da Paracetamol da PCM da Panadol a layi uku, kowane da nasa lissafin, alhali abu ɗaya ne. Sunan kamfani ya zauna a gurbinsa daban. Amma ƙarfi da siffa suna raba kaya: amoksisilin ƙwanso mai miligiram 500 daban, mai 250 daban, na garin da ake damawa yara daban. Haka sirinji mai mililita 2 da mai 5, haka safar hannu ta tiyata lamba 7 da lamba 8, haka kanula gwargwadon girmanta.

Yanzu ga inda tsare-tsare da yawa ke rushewa: ma'aunin ƙirga. Mai sito yana ƙirga katan, ɗakin magani yana ƙirga kati, nas tana ƙirga ƙwaya. Idan aka rubuta "10" ba a san goma na me ba, lissafi ya mutu. Zaɓi mafi ƙanƙantar abin da ake iya bayarwa, ƙwaya ko ampul ko kwalba ko leda ɗaya ta ƙarin ruwa, ka sa kwamfuta ta riƙa ajiye komai da shi. Sai ka koya mata juyawa: kati ɗaya ƙwaya 10, fakiti ɗaya kati 10, katan ɗaya fakiti 50. Mai sito ya shigar da katan 2, ita kuma ta rubuta ƙwaya 10,000. Ka kula, girman fakiti yana bambanta daga kamfani zuwa kamfani, don haka a riƙa tabbatar da shi a duk lokacin karɓa. Kada a kafe shi sau ɗaya a manta.

Sauran guraben da kowane layi ke buƙata: yanayin ajiya, wato ko na firiji ne mai son sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8 kamar insulin da oksitosin da alluran rigakafi, ko na ɗaki ne, ko yana cikin magungunan da ake kullewa, da kantar da yake zaune. Idan ba ka san ta inda za ka fara jerin ba, ɗauki jerin muhimman magunguna na ƙasarku, ko na Hukumar Lafiya ta Duniya wanda aka fara fitarwa a 1977 kuma ake sabuntawa duk shekara biyu, ka goge abin da ba ku amfani da shi. Mutum ɗaya kaɗai, mai harhaɗa magunguna, shi ke da ikon ƙara sabon layi.

Mataki na 3: Jadawali huɗu, da dokar da ba a karyawa

Duk girman tsarin, a kan jadawali huɗu yake tsaye. Na farko jerin kayan da ka gama. Na biyu jerin wurare daga mataki na 1. Na uku jerin zubi, wato rukunin maganin da kamfani ya haɗa a lokaci ɗaya: kowane kamfani yana buga lambar zubi da ranar ƙarewar wa'adi a jikin kwali, kuma magani ɗaya zai iya kasancewa da zubi uku a kanta ɗaya, kowane da ranarsa. Na huɗu, wanda shi ne zuciyar aikin, jadawalin motsi.

Dokar ita ce: babu wanda zai rubuta abin da ya rage. Abin da ya motsa kaɗai ake rubutawa. Kowane layi na motsi yana ɗauke da rana da lokaci, kayan, zubinsa, adadi, daga ina, zuwa ina, dalili, lambar takarda, da sunan wanda ya shigar. Ita kwamfuta ce za ta tara abin da ya shigo ta cire abin da ya fita ta nuna saura. Idan ka bar gurbi inda mutum zai goge 400 ya sa 350, to ka gina allo ne mai gogewa, ranar da lissafi ya ƙi daidaita ba za ka san ta inda ya karkace ba.

Dalilan motsi su zama zaɓi daga jeri, kada a bar su a buɗe: karɓa daga mai kawo kaya, fitarwa zuwa wani sashe, ba majinyaci, dawowa, lalacewar wa'adi, fashewa, ɓata, aro ga wani asibiti, gyara bayan ƙidaya. Idan an yi kuskure, ba a goge layin. A rubuta wani layin da zai warware shi, duka biyun su zauna a gani.

Gargaɗi biyu ga masu amfani da Excel. Na ɗaya, mayar da gurbin lambar zubi ya zama na rubutu, ba na lissafi ba, in ba haka ba zai cinye sifirin farko, 00731 ya koma 731, kuma lamba irin 12E5 zai ɗauke ta a matsayin miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu. Na biyu, kwanan wata. A Amurka 03/04/2027 na nufin 4 ga Maris, a yawancin sauran ƙasashe 3 ga Afrilu. Tsayar da tsari ɗaya, shekara sannan wata sannan rana, ka kulle gurbin ya ƙi karɓar wani. Idan kwali ya nuna wata da shekara kawai, galibi ƙarshen watan ake nufi, amma idan an rubuta a yi amfani da shi kafin watan, to ƙarshen watan da ya gabace shi za ka shigar.

Bakod mai kusurwa huɗu na tsarin GS1, wato ƙa'idar bakod ta duniya, yana rage wannan wahalar, domin yakan ɗauke da lambar kayan da zubi da ranar wa'adi duka a haske ɗaya. Kayan da suka zo babu shi, buga naka ka liƙa a kanta, a shigar da zubi da hannu, wani na biyu ya duba.

Mataki na 4: Abubuwan da kwamfuta za ta ƙi yarda da su

Wanda wa'adinsa zai fara ƙarewa shi zai fara fita, ko da jiya ya iso. Wannan ya bambanta da "wanda ya fara shigowa ya fara fita", kuma a harkar magani na farkon ake bi. Idan an zo fitarwa, tsarin ya nuna zubin da ya kamata a ɗauka. Wanda ya ɗauki wani daban ya rubuta dalili. Sai dai ka sani kwamfuta ba ta jera kanta: dole a sa mai kusan ƙarewa a gaba, in ba haka ba hannu zai ɗauki na kusa, takarda ta ce wani aka ɗauka.

Ta ƙi fitar da abin da wa'adinsa ya wuce. Ta ƙi barin saura ya sauka ƙasa da sifiri. Ta ƙi karɓar kaya babu zubi da rana. Ta yi gargaɗi idan wa'adi ya rage wata shida, ta sake yi a wata uku, don a samu damar tura shi sashen da ke cinye shi da sauri ko a mayar wa mai kawowa. Ka kuma ƙirƙiri wuri ɗaya mai suna keɓewa, inda kayan da ake shakka a kansu za su zauna ba tare da an ƙirga su cikin abin da ake da shi ba: wanda kamfani ya ce a janye, wanda firijinsa ya mutu cikin dare, ko rigakafin da ake zargin ya daskare, tunda irin su na ciwon hanta nau'in B daskarewa na lalata su. Ranar da sanarwar janye wani zubi ta zo, a nan za ka ga amfanin jadawali na uku: cikin minti ɗaya za ka san sassan da ya tafi.

Mataki na 5: Lissafin lokacin oda

Fara da matsakaicin abin da ake ci a wata. A ce an fitar da amoksisilin ƙwanso 3,000 a wata na farko, 3,600 a na biyu, 2,400 a na uku. Jimla 9,000, raba uku, 3,000 ke nan a wata.

Ga tarkon. Idan a wani watan maganin ya yanke na kwana 10, aka fitar da 2,000 kawai, ba 2,000 ba ne bukatar asibitin. A kwana 20 aka cinye su, wato 100 a rana, don haka bukatar wata 3,000 ce. Idan ba ka gyara wannan ba, za ka yi odar kaɗan, ya sake yankewa, lissafin ya ƙara sauka, haka za a yi ta tafiya ƙasa. Saboda haka tsarinka ya riƙa ƙirga kwanakin da kowane kaya ya yi a sifiri.

Sai tsawon jira, daga ranar da aka rubuta oda zuwa ranar da kaya suka hau kanta. Auna shi daga tsofaffin takardu, kada ka ɗauki abin da mai kawo kaya ya yi alkawari. A ce wata ɗaya ne, ka kuma ware ajiyar ko-ta-kwana ta wata ɗaya. Matakin oda ya zama 6,000: saura na taɓa wannan, kwamfuta ta ɗaga tuta. Idan kun yanke cewa iyakar abin da za ku riƙe na wata huɗu ne, wato 12,000, to adadin oda shi ne 12,000 a cire abin da ke hannu, a cire abin da ke kan hanya. Mutane kan manta da na kan hanyar, sai oda biyu su iso tare.

Ba kowane kaya ke son kulawa iri ɗaya ba. Raba su gida uku ta fuskar rai: na ceton rai, na dole, da na ƙari. Adirenalin, oksitosin, magnesiyam salfet, insulin, ruwan ƙari, waɗannan ba a barin lissafin cin wata ya yanke musu hukunci. Ana iya yin wata biyu ba a taɓa maganin dafin maciji ba, amma ranar da aka nema dole a same shi. Likitoci su tsayar musu mafi ƙarancin da ba za a sauka ƙasa da shi ba. Sannan ka jera kayan ta yawan kuɗin da suke ci a shekara. Za ka ga 'yan kaɗan ne ke cinye mafi yawan kasafin, su za a fi yawan ƙirgawa. Ka tuna kuma da yanayi: cututtukan da ke tashi a wani lokaci na shekara, duba cin bara na wannan lokacin, ba na wata ukun da suka wuce ba.

Mataki na 6: Wa zai taɓa me

Kowa da sunansa da kalmar sirrinsa. Kalmar sirri ɗaya ga sito gaba ɗaya ta rushe amfanin rubuta sunan mai shigarwa. Wanda ya nemi kaya ba shi zai amince da fitarwa ba, wanda ya ƙirga ba shi zai amince da gyaran lissafi ba. Ma'aikaci ya bar aiki, a rufe asusunsa a ranar, amma kada a goge shi.

Mofin da fetidin da ire-irensu, wato magungunan kashe zafi masu ƙarfi da ake kullewa, suna ƙarƙashin yarjejeniyar duniya ta 1961 kan miyagun ƙwayoyi, kuma kowace ƙasa na da dokarta a kan yadda ake riƙe rijistarsu. Kada ka jefar da littafinsu na takarda sai ka tabbatar dokar ƙasarku ta amince da na kwamfuta. A tsarinka, kowane motsinsu ya nemi mutum biyu, har da ragowar ampul da aka zubar. Sunan majinyaci kuwa, lambar fayil ɗinsa ta wadatar.

Mataki na 7: Ƙidayar buɗewa

Kada ka kwafe saura daga tsohon littafi. Zaɓi ranar da aiki ya yi sauƙi, tsayar da shige da fice in ban da na gaggawa, a ƙirga komai da hannu, zubi-zubi, kanta-kanta. Mutum biyu su ƙirga daban ba tare da sun ga abin da littafi ya ce ba. Inda suka saɓa a sake. A buɗe kwalayen da aka riga aka fasa, kada a ɗauka cike suke. Abin da ya lalace a kwashe shi zuwa keɓewa nan take. Sakamakon ya shiga jadawalin motsi da dalilin "buɗewa".

Mataki na 8: Gwaji da shirin ranar matsala

Fara da babban sito da sashe ɗaya, na tsawon wata guda, katunan kanta na tafiya tare da kwamfuta. Duk ƙarshen mako a gwama uku: kati, allo, kanta. Ka tsaya kusa da mai shigarwa ka kalle shi. Idan fitar da kaya ɗaya na ɗaukar fiye da 'yan daƙiƙu, da layi ya yi tsawo zai ce bari ya shigar anjima, kuma daga "anjima" ne allo ke rabuwa da kanta. Rage guraben har sai aikin ya fi rubutun hannu sauƙi.

Buga takardun gaggawa masu lamba a jere, masu gurabe iri ɗaya da na allo, a ajiye su kusa da kowace kwamfuta. Wuta ko intanet ta ɗauke, a ci gaba da su, ta dawo a shigar kafin a tashi aiki. Inda intanet ba ta da tabbas, ajiye rumbun a kwamfuta ɗaya cikin asibitin sauran su haɗu da ita ta wayar kebul. Kwafin ajiya kullum: kwafi uku, a na'ura iri biyu, ɗaya a wajen ginin. Duk wata uku ka ɗauko kwafin ka buɗe shi a wata kwamfutar ka ga ko yana tashi.

Mataki na 9: Rahoto da ƙidayar yau da kullum

Rahoto huɗu sun isa a farko: abin da ya yanke ko ya taɓa matakin oda, abin da wa'adinsa ke gabatowa, kayan da suka yi wata shida ba su motsa ba, da gyare-gyaren da aka yi bayan ƙidaya tare da sunayen masu yi. Na farkon a duba shi kowace safiya, na ceton rai a saman shafi.

Maimakon jiran ƙidayar ƙarshen shekara, kwamfuta ta zaɓi kaya goma kullum a ƙirga su. Magungunan kulle a ƙirga duk canjin aiki, masu tsada da na ceton rai duk mako, sauran su zagayo aƙalla sau ɗaya a wata uku. Idan aka sami bambanci, kada a yi saurin gyarawa, kada kuma a yi saurin zargin kowa. Duba abu uku tukuna: takardar gaggawa da ba a shigar ba, katan da aka rubuta a matsayin fakiti, da zubin da aka ɗauka ba wanda allo ya nuna ba. Sai an rasa shi a nan ukun sannan a rubuta gyara, da dalili, da sa hannun mutum na biyu.